Hedifon a Kan Hijabin Inna

Ɗakin da nake kira situdiyo sito ne da muke ajiye buhunan shinkafa a gidanmu na Kalgo. Da na fitar da buhunan sai na liƙa tsofaffin soson katifa a bango, na huda jikin taga na zura waya zuwa ɗakin da ke gefensa, inda kwamfutata take. Mai waƙa ya shiga sito ya tsaya gaban makirufo, ni kuma ina ɗaya ɗakin ina ɗauka. Sana'ata ta gaskiya ɗinki ce. Waƙar da yamma nake yin ta, idan na rufe shago, ga samarin da ke son a yi wa amaryarsu waƙa, da masu bege, da 'yan jami'a da ke saukowa gari.

Na daɗe ina aiki da wani tsohon hedifon, wato abin nan da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa biyu. Fatarsa ta saɓule, kunne ɗaya ya mutu. Da na samu hali bayan ɗinkin sallah, sai na shiga mota zuwa Birnin Kebbi don in sayi sabo.

Mai shagon bai ɓoye mini komai ba, wannan dole in faɗa. Ya ajiye iri biyu a kan teburinsa. Ɗaya bayansa a rufe yake ruf, ɗaya kuma bayansa raga ce, kana hango cikinsa. Ya tambaye ni ko ɗaukar murya nake yi ko haɗa kiɗa, na ce duka biyun. Ya ce to in ɗauki mai rufaffen baya, domin mai raga sautinsa fita yake yi ta baya, kuma idan mai waƙa ya sa shi a gaban makirufo, duk abin da yake ji makirufon ma zai ji. Na gyaɗa kai kamar na yarda. Sai na ce bari dai in gwada mai ragar.

Ya sa mini wani kiɗan molo da na sani tun ina yaro. Na ji yatsan makaɗin yana gogar tsirkiya kafin sautin ya fito. Na ji inda yake jan numfashi. Ban taɓa sanin waɗannan abubuwa suna cikin kiɗan ba. Da na sa mai rufaffen baya a kaina sai na ji shi kamar an kifa mini tukunya. Ban ƙara sauraron mai shagon ba daga nan, duk da bai daina magana ba. Ya ce mai ragar nauyi ne da shi, kwamfuta ba za ta iya tura shi ba, sai an haɗa masa amfilifaya. Ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi a hannu, da abin murɗawa guda ɗaya a goshinsa. Na ɗauki duka biyun. Da zan fita ya sake cewa in tuna, wannan na kaina ne, ba na mai waƙa ba.

Kuma da farko haka na yi, ko da yake ba don maganarsa ba. Rowa ce. Samarin da ke zuwa da zufa da man gashi ban yarda su taɓa shi ba. Tsohon mai kunne ɗaya nake ba su, sabon kuma in na gama in goge shi in naɗe a cikin wani ƙyallen shadda. Ni mutum ne mai son a shigo a ga kayana a ce na iya. Matata ta san wannan hali nawa tun kafin ni in san shi.

Mahaifiyar matata, wadda duk muke kira Inna, a Gwandu take. Ba mawaƙiya ba ce ta kuɗi. Amma a unguwarsu ba a kai amarya ɗakin miji sai an kira ta, ta kifa ƙwarya a cikin kwano mai ruwa tana bugawa, tana yin wata doguwar waƙa da ta koya a wurin kakarta. A cikin waƙar ana ambaton matan gidan ɗaya bayan ɗaya, wadda aka kai Diggi, wadda aka kai Wurogauri, wadda ta haye gulbi ba ta dawo ba sai da jikoki. Sauran mata suna amsawa. Ni ban taɓa jin waƙar sosai ba, sai daga waje, ranar da aka kawo mini matata.

Tsakanina da Inna akwai kunya irin ta suruki da suruka, kuma a gidansu ba a wasa da ita. Idan na je gaisuwa, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa a bakin ƙofa, ita tana ciki ta juya gefe tana amsawa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ban taɓa ganin tana cin abinci ba. Idan tana da magana da ni, matata take gaya wa, ko da ina nan ina ji. Matata ita ce autarta, don haka ita kaɗai ke iya zolayarta ta kwana lafiya.

Inna tana da maƙoƙo a wuya shekaru da yawa. A bazarar da na sayi hedifon ya girma har ya fara tare mata numfashi idan ta kwanta. Likita ya ce sai an yi aiki, ya kuma faɗa wa 'ya'yanta gaskiya cewa wani lokaci murya takan canja bayan irin wannan aiki, wani lokaci ta dawo, wani lokaci ba ta dawowa. Ranar da matata ta dawo da wannan labari tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago kai ba ta ce tana son in ɗauki muryar Inna tana waƙar kai amarya kafin a shiga da ita ɗakin tiyata. Ta ce za su biyo ta Kalgo su yini a hanyarsu ta zuwa asibiti. Ta ce murya kawai take so.

Na ce to. Amma tun a lokacin zuciyata ta riga ta tafi wani wuri. Na fara jin waƙar da kiɗa a ƙarƙashinta, ganga da fiyano, ana sa ta a gidajen biki ana tambaya wa ya haɗa wannan. Na sa matata ta rera mini kaɗan don in kama karin. Ta rera tana wanke-wanke, da sauri, hankalinta na kan tukunya. A kan wannan saurin na gina kiɗana. Na yi kwanaki ina gyara shi da sabon hedifon a kaina, kuma ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Suka iso da hantsi, rana ta riga ta yi zafi. Na gaishe da Inna daga bakin ƙofa kamar kullum. Ta zo da ƙwaryarta a ɗaure cikin zani, da 'yan sandunan bugawa. Matata ta leƙo ta tambaye ni inda za a ajiye kwanon ruwa a cikin sito. Na ce ta gaya wa Inna kada ta wahalar da kanta, na riga na yi mata kiɗa, ita dai ta bi shi. Matata ta tsaya tana kallona. Na ce ai kiɗan daban yake shiga, muryar daban, duk lokacin da aka so sai a cire shi a bar murya tsantsa. Gaskiya na faɗa, haka ake yi. Ta koma ta faɗa wa Inna, sai na ji an mayar da ƙwaryar cikin zani.

Sai maganar hedifon. Na ɗauko tsohon mai kunne ɗaya, na dube shi, fatarsa tana zubar da baƙin gari a hannu. Surukata ce ta zo gidana. A wurinmu baƙo irin wannan sabuwar tabarma ake shimfiɗa masa, kwanon da ba a taɓa ci a ciki ba ake zuba masa abinci. Ban iya tura mata wannan tsumma ba. Na kwance ƙyallen shadda na miƙa wa matata sabon, na jona shi da amfilifaya, ni kuma na sa tsohon. Maganar mai shago ta zo mini a rai, na ce a zuciyata ai a hankali zan sa mata sautin, ba abin da zai fita.

Abin da ban lissafa ba shi ne kan Inna. Akwai kitso, akwai ɗankwali, akwai hijabi mai kauri a sama. Matata ta ce ta cire hijabin ko ta sa abin a ƙarƙashinsa, ai ƙofa a rufe take, ba mai ganinta. Makirufo a kunne yake, ina jin su.

"A gidan mijinki in tuɓe lulluɓi? Ke dai ba ki da ta ido."

"Inna, bango ne fa tsakaninku."

"Bangon da kuka huda? Ɗora mini a haka."

Matata ta yi dariya ta ce Inna ta zama direban jirgin sama, Inna ta ce jirgin da zai kai ta gidan ubanta. Aka ɗora hedifon a kan hijabi. Ni ba zan iya shiga in gyara mata zamansa ba, ko da wasa. Na saki kiɗa. Matata ta leƙo ta taga ta ce Inna ba ta jin komai. Na murɗa amfilifaya. Ta ce har yanzu kamar daga wani gari. Na ƙara. Ɗan akwatin nan ƙarfi ne da shi, abin da aka saye shi don shi ke nan, na yi ta murɗawa har matata ta ce yanzu ta ji.

An kashe fanka saboda ƙara, an rufe ƙofa, soson katifa ya riƙe zafi. Tsohuwa mai ciwon wuya ta tsaya a cikin wannan ɗaki ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe. A kunnena ɗaya mai aiki ina jin muryarta da kiɗana a haɗe, don haka ban ji wani abu da ya fita daga wurinsa ba. Na lura tana ɗan haki, tana cinye ƙarshen wasu kalmomi, na ɗauka ciwon ne. Abu ɗaya ya kamata in yi, in kashe kiɗan a wajena in saurari muryar ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Maɓalli ɗaya ne. Ban taɓa shi ba, ina can ina kaɗa ƙafa.

Na aika a tambaye ta ko za ta sake yi sau ɗaya. Ta fara, ta kai tsakiya, tari ya sarƙe ta. Matata ta buɗe ƙofa ta ce ya isa. Hijabin ya jiƙe sharkaf. Ta sha ruwa, ta yi azahar, ta ɗan kwanta, da la'asar motar da za ta kai su ta zo. Da za ta fita ta ce wa matata ta gaya wa mai gidan Allah ya yi albarka, ya kuma yi haƙuri in ta ɓata masa kiɗa.

Washegari da safe kafin in buɗe shago na zauna in cire kiɗan, in tura wa matata murya tsantsa yadda ta nema. Na sa sabon hedifon. Na kashe layin kiɗa. Kiɗan bai tafi ba. Yana nan a bayan muryar, siriri, kamar rediyon maƙwabci, ganga tana cas-cas, fiyano yana bin ta. Ya fita ta ragar, ya shiga makirufo tare da Inna, sun zama abu ɗaya. Hedifon da ya nuna mini yatsan mai molo shi ya nuna mini wannan, bai rage komai ba.

Da na ci gaba da sauraro sai na gane abin da ya fi wannan muni. Hakin da na ji ba na ciwo ba ne kaɗai. Gudu take yi. Waƙar tata tafiya take yi a hankali, tana miƙewa inda numfashi ya kai, tana tsayawa ta jira mata su amsa. Kiɗan kwamfuta ba ya jiran kowa. Duk inda ya kamata ta tsaya, sai ka ji ta ɗan yi shiru, sannan ta zabura ta bi ganga. Sunayen garuruwan ma wasu rabinsu ta faɗa.

Na bar ɗinkin mutane na yi ta fama. Idan na rage ƙarar gangar sai muryar ta dushe, idan na rage fiyano sai ta zama kamar ta cikin waya. Wani ɗan jami'a da nake yi wa aiki ya ce akwai manhajar da ke raba murya da kiɗa, muka gwada. Ta cire kiɗan, amma ta tafi da rawar da ke cikin muryar Inna, wataƙila ta ɗauka ita ma kayan kiɗa ce. Abin da ya rage kamar mutum yana waƙa a ƙarƙashin ruwa. Na goge shi.

Aikin wuyan Inna ya yi kyau, alhamdulillahi, numfashi ya buɗe. Matata ta dawo gida a gajiye, da warin asibiti a kayanta. Na so in bari ta huta, amma ita ta fara tambayar waƙar. Na sa mata. Ta saurara har ƙarshe tana zaune a bakin gado. Na fara bayanin raga da hijabi da amfilifaya, ta ɗaga hannu.

"Murya na ce maka."

Ta ce in tura mata a wayarta a yadda yake. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Muka jira muryar Inna ta dawo. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma. Magana ta dawo, amma ƙasa-ƙasa, a shaƙe, idan ta ɗaga ta sai ta tsinke. An kai wata amarya a unguwarsu a wannan lokaci, aka ce Inna ta zauna a gefe, wata ta yi abin da ta iya tunawa na waƙar.

Da muka je Gwandu duba ta, ina durƙushe a bakin ƙofa, matata ta kunna mata abin a waya. Na so ƙasa ta buɗe. Inna ta saurara, har ta yi 'yar dariya marar sauti. Ta ce wa matata ranar nan ta sha gudu kamar mai korar akuya daga gonar wake. Matata ta tambaye ta don me ba ta ce a tsaya ba, tun da ta ji kiɗan ba nata ba ne.

"In ce ma mijinki kiɗa nai bai yi ba? A gida nai, ya ba ni abu nai sabo?"

Ta faɗe shi ne ba da zafi ba, kamar wadda aka yi wa tambayar da ba ta da ma'ana. Na ce a gaya wa Inna laifina ne, ta yafe mini. Ta ce wa matata ta gaya mini ba komai, ai ta ga an yi don a girmama ta.

Bayan girbi matata ta ce in haɗa kayana mu koma Gwandu. Ta faɗi sharaɗinta tun a gida: makirufo ne kaɗai zai shiga cikin gida, ni da kwamfuta da sauran tarkacena a zaure, kuma ba kiɗan kowa sai na Inna. Na ari doguwar waya a wurin masu lasifikar wa'azi. Matata ta ja ta har tsakar gida ta kafa makirufon a kan turmi.

Na zauna a zaure da hedifon mai raga a kaina, wurin da ya dace da shi tun farko. Na ji an zuba ruwa a kwano, an kifa ƙwarya. Na ji matan maƙwabta suna shigowa ta ƙofar baya suna gaisawa. Inna ta fara bugu, a hankali, ya fi kiɗana jinkiri nesa ba kusa ba. Matata ce ta ɗauki waƙar. Shekarunmu tare ban san tana da murya haka ba, ko da yake ba irin ta uwarta ba ce, tata siririya ce kuma tana tsoro. Inda ta yi sauri sai ƙwaryar ta ƙi bin ta, dole ta dawo. Inda ta manta sunan gari sai in ji Inna ta raɗa mata shi a shaƙe, mata su amsa. Sau da yawa suka tsaya suka sake. Ban aika da ko kalma ɗaya ciki ba.

Baffan matata, wani dattijo da ke zaune a zauren yana tufkar igiya, ya yi ta kallona. Can ya matso ya kara kunnensa kusa da kaina ya ce, "Ɗana, wanga abu naka yoyo yake yi, har nan ina jin su." Na ce haka ne, Baffa, an gaya mini tun ranar da na saye shi. Ya ce to ai ya yi, shi ma ya samu rabonsa, ya koma kan igiyarsa.

Daga baya na koma wurin mai shagon na sayi mai rufaffen baya. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Yana rataye a ƙusa a cikin sito, duk wanda ya zo waƙa shi yake sawa, babba ko yaro.

Ɗauka biyu ke nan a wayar matata. Na Gwandu ya fita tsaf, karin daidai, sunayen duk sun cika, har 'yan uwanta sun karɓa suna koya wa 'ya'yansu. Amma idan tana aiki a tsakar gida na farkon take kunnawa, wanda Inna ke gudu a cikinsa, domin a nan ne kawai muryar take. Ina jin shi daga ɗaki. Duk inda Inna ta yi ɗan shirun nan tana jiran mata su amsa, fiyanona ne yake shigowa. Matata takan amsa a kansa, ta ci gaba da aikinta.